Hoton da Aka Kafa a Gilashin Sabon Gari

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Laraba abin ya fara. Na riƙe lokacin ne saboda ina zaune a ƙofar ɗakin Inna da littafi a cinyata, agogon bangonta yana saitin idona, sai na ji sallamar Baba Alhaji, yayan mahaifina, a bakin sashenmu. Mamaki ne ya sa na duba agogon. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin mutumin nan ya bar shagonsa na Kantin Kwari kafin azahar ba, kuma ban taɓa ganin ya tako sashen matar ƙaninsa ba, in ba rasuwa aka yi ba. Ga shi tsaye, hula a karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, yana rungume da wani abu mai faɗi da aka naɗe da tsohuwar jarida. Na durƙusa na gaishe shi. 

"A je Bata a kira mini Modu," ya ce. "A ce ya bar duk abin da yake yi."

Ku 'ya'yana kun sha jin labarin nan gutsi-gutsi a bakin dangi. Wasu sun ce muku kora ta aka yi daga jami'a saboda wani hoto. Wasu sun ce Baba Alhaji mutum ne mai taurin zuciya da ya tsani karatun mata. Na ji ɗayanku ma yana faɗa wa ƙanwarsa cewa kakanku Malam Modu matsoraci ne. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na ɗauki alƙalami. Duk mutanen sun riga mu gidan gaskiya, ba za su iya kare kansu ba, ni kuwa ina wurin.

Gidanmu na Kwaciri gidan 'yan'uwa biyu ne. Kakanninmu daga Borno suka zo tun zamanin da jirgin ƙasa yake sabon abu, harshen ya ɓace mana amma sunayen suka zauna. Baba Alhaji yana sashen gabas, yana sayar da yadi. Mahaifina yana sashen yamma, yana wankin hula da gyaranta a wata 'yar rumfa kusa da Bata. Ni ce 'yar farinsa, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, Yagana. Saboda haka kunya biyu ta hau kan mahaifina a kaina: ba ya kiran sunana don sunan uwarsa ne, ba ya nuna kulawa da ni don ni ce ta fari. "Ke" yake ce mini, Inna kuwa "yarinyar nan". In na yi zazzaɓi, matar Baba Alhaji, Hajiya Falmata, ita ke kwana a kaina. In za a sa ni makaranta, Baba Alhaji ke yanke magana. Shi yana kirana "Uwata", da ƙarfi, kowa yana ji. Haka tsarin yake, ba wanda ya ga laifinsa, ni ma ban gani ba. Baba Alhaji yana da ɗa babba mai suna Kyari, wanda ya bi motar shanu zuwa Ikko tun ina ƙarama. Ya aiko da hotonsa sau ɗaya, yana tsaye a wata gada yana dariya. Daga nan sai gaisuwa ta bakin direbobi, daga baya ita ma ta ɗauke. Ba a ambatonsa a gidan.

Ni yarinya ce mai shiru. In baƙi sun zo, bayan ƙofa nake shigewa da littafina. Fensirina a fiƙe, littattafaina a naɗe da takardar siminti, takalmina a jere. Ana yi wa sauran yaran gidan misali da ni har suka tsane ni. Amma akwai abu ɗaya da ba wanda ya sani. Tun ina 'yar shekara tara, duk safiyar Juma'a da mahaifina ba ya buɗe rumfa, sai ya ce wa Inna, ba tare da ya dube ni ba, "Yarinyar nan ta biyo ni ta riƙe mini huluna." Mu fita, ni a baya da ƙullin huluna a ka, shi a gaba yana tura baƙin kekensa. Sai mun wuce idon unguwa, mun kai wani fili a bayan Tashar Jirgin Ƙasa inda tsofaffin taragai suke tsaye ciyawa ta cinye ƙafafunsu, sannan ya karɓi ƙullin ya ajiye. A can ya koya mini keke. Da farko ƙafata ta ƙarƙashin sanda nake zurawa, don ban kai sirdi ba. Yana riƙe da kariyar keken ta baya yana gudu a bayana, babbar rigarsa a saɓe, yana haki.

"Kar ki kalli taya! Kalli inda za ki!"

A filin nan kaɗai na taɓa jin mahaifina ya ɗaga murya, a can kaɗai na ga ya yi mini tafi. In mun doso gida sai ya mayar mini da ƙullin a ka, fuskarsa ta koma yadda aka santa. Da na fara girma muka daina zuwa. Ba mu taɓa maganar ba, ko da ido.

A shekarata ta uku a jami'a, sashenmu na nazarin ƙasa ya shirya kai mu kudu, wajen Badagry, mu ga yadda teku yake cin gaɓa. Baba Alhaji da kansa ya ba da izini. Na ji shi yana ce wa Hajiya Falmata, "Uwata ce fa. Ko bangon duniya za ta, a bar ta, littafi za ta kalla har ta dawo." Mun yi kwanaki muna zagaya, amma rana ɗaya ce ta shafi labarin nan. Da sassafe aka tsallakar da mu wani ruwa mai kwanciya a kwalekwale, muka ratsa kurmin kwakwa da ƙafa. Tun kafin in ga komai na fara jin wani rugugi kamar hadari yana tahowa, alhali sama tas take. Da muka fito daga cikin itatuwan sai na tsaya cak. Shekara nawa ina shafa wa teku shuɗin fensir a taswira, na haddace sunayen igiyoyinsa, na ci jarrabawa a kansa. Ba littafin da ya gaya mini yana da murya. Ba wanda ya gaya mini idona zai nemi ɗaya gefen ya rasa.

Malaminmu ya ce ƙauyukan da za mu duba a jere suke a bakin gaɓa, mota ba ta zuwa, ƙafa kuma ba za ta kai mu mu dawo ba. Don haka an yi hayar kekuna a wurin mutanen ƙauyen. Matan da ba su iya ba, in ji shi, su zauna a rumfa su tsare jakunkuna, in an dawo su kwafi abin da aka rubuta. Ƙawata Ladi, 'yar Sabon Gari, ta ɗaga hannu ta ce ita ta iya. Ban san lokacin da nawa hannun ya tashi ba. Sai wani ɗan ajinmu mai baki ya ce,

"Malama Yagana, ke za ki hau ko littafin za ki ɗora?"

 Na zaɓi wanda birkinsa ke ci, na matsa tayoyin na ji iskarsu. Da wando a ƙarƙashin doguwar rigata, ɗankwalina a ɗaure tam. Mayafin ne na ga zai shiga kaca ya kayar da ni, sai na naɗe shi na yi ɗamara da shi. Na taka feda. Keken ya yi mangar-mangar, yashi ya riƙe tayar, na ji ana shirin dariya a bayana. Wasu mata masu bandar kifi suka yi ta ɗaga mini hannu suna magana da harshensu, suna nuna bakin ruwan. Sai na gane: inda igiyar ruwa ta janye yanzun nan, yashin wurin a daddaɓe yake kamar daɓe. Na gangara can. Tayar ta kama, ƙafafuna suka tuna abin da aka koya musu a bayan tasha, na wuce mai bakin nan ko waiwaye ban yi ba.

Yinin nan ban san yadda zan ba ku shi ba. Teku a hannun hagu, kwakwa a hannun dama sun sunkuyo kamar masu gaisuwa, gaba kuwa farin yashi har inda ido ya gaji. Iska tana cika mini riga, gishiri yana taruwa a leɓena. Muka wuce masunta sun yi layi suna jan wata doguwar igiya daga cikin ruwa, suna waƙa, tsofaffi da yara, har wata mai goyo. Muka wuce kwalekwale masu fenti a kife, da ƙananan ƙaguwa da ke tsere su shige rami in sun ji taya. A wani ƙauye wani dattijo ya nuna mana tubalin wani gida a cikin ruwa, igiya tana rufe shi tana buɗewa, ya ce a ɗakin nan aka haife shi. Na auna abin da aka ce in auna, na rubuta da kyau kamar kullum. Na faɗi sau biyu, gwiwata ta goge. Aka sare mana kwakwa muka sha ruwanta, na yi alwala a wata rijiya na yi azahar a inuwa, rugugin nan yana bayana. A hanyar dawowa, rana ta yi sanyi, wata igiya ta zo da nisa fiye da 'yan'uwanta ta shiga ƙarƙashin tayoyina. Ruwan ya fantsamo mini har fuska. Na ɗage ƙafafuna biyu daga feda, keken yana tafiya da kansa a cikin kumfa, na ji wata dariya ta fito daga cikina wadda ban san ina da ita ba. Ladi tana gaba da 'yar kyamararta. Na ji ƙyas.

Da muka dawo Kano hutu, na yi lissafina yadda na saba. Ba zan kai fim ɗin wurin mai hoton Fagge ba, ya san gidanmu. Na bi Ladi Sabon Gari wurin maƙwabcinsu, wani dattijon Bayarabe da ake kira Baba Ibeji. Na koma da kaina na karɓi hotunan, na karɓi fim ɗin, na zare wancan guda ɗaya na sa shi a tsakiyar wani littafi da na san ba mai buɗewa. Na ɗauka na toshe kowace kafa. Abin da ban sani ba, domin ban taɓa tsayawa kallon shagon hoto ba, shi ne masu wannan sana'a suna da al'ada: in hoto ya burge su, sai su wanke nasu babba su kafa a gilashin ƙofa don jan masu wucewa. Ba sa tambayar mai shi, a ganinsu girmamawa ce. Abu na biyu da ban lissafa ba, lokacin biyan kujerar Makka ne, Baba Alhaji zai sake komawa a shekarar, kuma duk Kwari an san Baba Ibeji da fasfo mai fitowa da wuri.

Mahaifina ya iso, ya jingine kekensa a soro, ya shigo ya tsuguna a gaban yayansa. Kafin nan matan gidan sun taru, Inna tana bayan labule. Baba Alhaji ya warware jaridar, ya jingine abin a jikin turmi.

Wallahi ni kaina sai da gabana ya faɗi. Ƙaramin da na ɓoye, kallo ɗaya na yi masa na rufe. Wannan kuwa ya kai faifai biyu, an sa masa katako. Wata budurwa ce a kan keke, ɗamara a ƙugu, ƙafafu a sama, ruwa yana tashi gefe da gefe, bakinta a buɗe har ana ganin dasashi. Tsakar gidan ya yi shiru, har kukan tattabarun maƙwabta ana ji.

"Na zauna zai ɗauke ni," in ji Baba Alhaji, "sai na hango mutane sun yi cincirindo a gilashi. 'Yan acaɓa, masu tura ruwa, har da wani ɗan kasuwarmu. Na ce bari in ga me ake kallo. Na ce da mai hoton, wace ce wannan? Ya ce, Alaji, ai tun da na kafa ta ciniki ya buɗe."

Hajiya Falmata ta matso, ta sunkuya, ta dubi hoton, ta dube ni.

"Haba Alhaji. Wannan ai ba Yagana ba ce. Yagana tana da haƙora haka?"

Wata ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Daga bayan labule Inna ta yi magana, ita da ba ta taɓa sa baki a zancena ba.

"Yarinyar nan ba ta dariya haka."

Na ga Baba Alhaji ya kama maganar kamar wanda ruwa ya ci aka miƙo masa sanda. Ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Uwata, duba da kyau. Allah Yana halittar mutum biyu kama ɗaya. In kin ce ba ke ba ce, magana ta ƙare, ni na yarda, kowa ma ya yarda."

Ƙofa ce ya buɗe mini, kowa a wurin ya san haka, kuma kowa yana so in bi ta. Kalma huɗu kawai. Na dubi yarinyar da ke cikin hoton. Tabon gwiwata bai gama warkewa ba a ƙarƙashin zanena. Na ji in na ce ba ni ba ce, to yinin nan bai faru ba, kuma filin bayan tasha ma bai faru ba.

"Ni ce, Baba Alhaji."

Hajiya Falmata ta dafe ƙirji tana salati. Baba Alhaji ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Wa ya koya miki?"

Ban ɗaga kai ba, amma idona yana kan ƙafafun mahaifina. Ina ganin yatsunsa suna motsi a cikin takalmi. Na jira. Na tabbata zai yi gyaran murya ya ce, Yaya, ni ne. Tattabarun suka yi ta kuka. Mahaifina yana tsugune, ya zuba wa bango ido, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi hoton girgiza ni. Ni ma na yi shiru, don ba zan tona shi a gaban matan gida ba.

"To," in ji Baba Alhaji. Ya naɗe hoton da jaridarsa. "Karatu ya isa haka. Modu, ka ji."

"Na ji, Yaya."

Aka koma makaranta ban koma ba. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, abincina yana zuwa, amma gidan ya zama kamar an yi rasuwa ba a faɗa ba. Yaran da ake yi wa misali da ni suka riƙa bin bayana suna kwaikwayon ƙararrawar keke. A gidan biki mata sukan yi shiru in Inna ta shigo. Ita kuwa ba ta da ikon yi mini magana kai tsaye, sai ta riƙa yi da tukunya. Tana tuƙa tuwo tana cewa, "Wanda aka ba hanya ya ƙi bi, ai shi ya so." Jim kaɗan kuma ta turo mini kwano da tsokar da ta fi kowace girma. Mahaifina, tun daga ranar, bai sake hawa kekensa ba. Yana nan jingine a soro, tayoyin suka sace, gizo-gizo ya yi saƙa a kacar. Da ƙafa yake zuwa Bata ya dawo, a zafin bazara, ƙullin huluna a kafaɗa. Na yi fushi da shi wata da watanni. Sai daga baya na fahimci abin da na nema a wurinsa: ya tsaya a gaban yayansa da matan gida ya ce shekara da shekaru yana satar jiki yana wasa da 'yar farinsa, yana gudu a bayanta. A tarbiyyar da aka yi masa, da ya faɗi haka gara ya fita kasuwa ba riga. Ba tsoro ba ne. Hukuncin da ya iya yi wa kansa shi ne tafiyar ƙafan nan, kuma ya yi.

Ni kuwa na koma ga abin da na iya. Na bi littattafan addini na gidan ɗaya bayan ɗaya, na aro wasu a wurin malamar Islamiyyarmu, ina neman inda aka hana mace hawa abin hawa. Na ga mata a kan raƙuma, na ga mata a kan jakuna, ban ga hani ba. Sau uku ina zuwa gaida Baba Alhaji da niyyar in tambaye shi, in na durƙusa sai harshena ya ƙi. Sau ɗaya na iya cewa, "Baba Alhaji, maganar makaranta." Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Uwata," ya ƙara wa rediyonsa murya. Har ya tafi Makka ya bar ni a haka.

Yana can Ladi ta zo. Ta zauna a bakin gadona tana ta ba ni haƙuri, ta ce ta je ta yi wa Baba Ibeji tas, shi kuma har yanzu bai ga abin da ya yi ba, cewa yake hoton da ya fi kowanne kyau a shagonsa aka raba shi da shi. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. An ɗaga mini shekara ɗaya, amma in zangon da ke tafe ya buɗe ban yi rajista ba, gurbina ya tafi ke nan. Da yamma na tare mahaifina a soro, kusa da keken. Karo na farko a rayuwata na fara yi masa magana kafin ya yi mini. Ya saurara yana kallon ƙasa.

"Ba ni da ta cewa a kanki," ya ce. "Ke ta Yaya ce." Ya dubi keken. "Amma ki tambaye shi. Kar ki kalli taya."

Ya shige ciki da sauri.

Bayan Baba Alhaji ya dawo, na bari sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu. Wata safiya na karɓi kunun daga hannun Hajiya Falmata na ce ni zan kai. Yana zaune a kan darduma, ya rame, tarin Makka bai sake shi ba. Na ajiye kwanon, na durƙusa, ban tashi ba. Duk abin da na tsara, da hujjojin da na haddace a jere, suka watse. Abin da ya fito daban ne.

"Baba Alhaji, na karɓi hukuncinka. Amma an kusa rufe rajista, kuma har yau ban san laifina ba. Na duba littattafai ban ga inda aka hana keke ba. In akwai, ka nuna mini, in tuba da saninsa."

 Ya miƙa hannu bayan akwatinsa ya jawo abin nan, har yanzu a cikin jaridarsa. Na ɗauka tuni an ƙona shi, na kuwa faɗa.

"Wa zai ƙona uwarsa?" ya ce.

Ya warware, ya ɗora a gwiwarsa yana kallo.

"Na ga ruwan nan naki a Jidda. Ta tagar mota. Na ce da direba ya tsaya, ya ƙi." Ya yi tari. "Keke kuma. Ni na saya wa Modu keken nan. Kina tsammanin akwai mai ba da wankin hula a bayan tasha ranar Juma'a? Ina sane tun ranar farko. Na tambaya ne don in ji ko zai buɗe baki sau ɗaya a rayuwarsa."

Na ji kamar ƙasa ta juya da ni. Shekara guda, da tafiyar ƙafan mahaifina, da shirun Inna. Na ce,

"To mene ne, Baba Alhaji?"

Ya sa yatsa a kan fuskar da ke cikin hoton.

"Wannan. A hannuna kika girma, Uwata, ban taɓa ganin haƙoranki ba. Sai na je Sabon Gari na tarar 'yan acaɓa suna kallon abin da mu ba mu taɓa gani ba. Kyari ma haka ya aiko mini da tasa dariyar daga bakin ruwa, ban sake ganinsa ba. Na ce wannan ma ta samo inda ya fi mu, in ta sake fita shi ke nan." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "Ba laifinki ba ne, tsorona ne. Je ki yi rajistarki. Ki ce wa ubanki ya sa wa kekensa iska. Amma kafin in mutu, ki yi mana irinta a tsakar gidan nan, ko sau ɗaya."